Badujalar Soja a Zangon Masu Gudun Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi Daga Yuma

Hunturu biyu muka yi ni da mai ɗakina a Yuma, can ƙuryar kudu maso yammacin jihar Arizona, cikin wani gida mai taya da ake ja da a-kori-kura. A duka biyun mun je kallon badujalar soja da ake yi a watan Disamba. Tun daga nan 'yan uwa da ke jihohin arewacin Amurka, musamman waɗanda ritaya ta fara leƙo su, suke ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Ga su nan na tara, da amsoshinsu gwargwadon abin da idona ya gani.

Wai mene ne zangon motocin gida, kuma me ke kai mutum can?

Sanyi ke kai shi. A Minnesota ko Dakota ta Arewa ko Kanada, daga Nuwamba zuwa Maris ƙanƙara ce ke mulki, kuma tsohon da gwiwa ta fara ba shi matsala ba ya son ya wayi gari da shebur a hannu yana haƙa hanyar fita daga gidansa. Sai ya kulle gida, ya ɗaura wa motarsa ɗakin kwana, ya nausa kudu. Amurkawa na kiran irin waɗannan mutane da sunan da ke nufin tsuntsayen ƙanƙara. Ni kuwa na fi ganinsu a matsayin 'yan cin rani, sai dai su ba neman kuɗi ya fito da su ba, kashe shi suka zo yi.

Motar da suke kira RV gida ce sosai: gado, kicin, banɗaki, firji, wani lokaci har da injin wanki. Zangon kuma fili ne da aka yanka kanta-kanta, kowace da famfon ruwa, da wurin jona wuta mai ƙarfin amfiya 30 ko 50, da bakin bututun da ake juye ƙazanta. A tsakiya akwai babban zaure inda ake taruwa a sha kofi, a yi wasanni, a ci abincin karo-karo. Akasarin zangunan Yuma na 'yan shekara 55 zuwa sama ne, kuma doka ce ta ba su damar hakan: wata dokar tarayya ta 1995 ta yarda a keɓe wa dattawa unguwa muddin kashi 80 cikin 100 na gidajen da ke da mutane akwai aƙalla ɗan 55 ɗaya a ciki. Wasu zangunan kuma ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10 sai sun ga hotonta. Tamu da ƙyar ta sha.

Me ya sa Yuma?

Rana. Garin na samun kusan awa 4,000 na hasken rana a shekara, kuma a Disamba zafin tsakar rana yakan tsaya wajen digiri 20. Da bazara kam ba a magana, yana haura 40, shi ya sa da an shiga Afrilu zango ke watsewa kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar. Mazauna garin na dindindin sun ɗan haura 95,000 a ƙidayar 2020, amma da hunturu sai ka rasa wurin ajiye mota a bakin kanti.

Ga kuma soja ta ko'ina. Akwai sansanin jiragen sama na sojojin kundumbala, waɗanda ake kira Marin, a cikin garin, akwai kuma makeken filin gwajin makamai na sojan ƙasa a arewa da shi. San Diego, cibiyar sojan ruwa a gaɓar tekun Pasifik, tafiyar kimanin kilomita 275 ce a kan babbar hanya mai lamba 8. Gari mai bariki biyu, cike da tsofaffin da da yawansu sun taɓa sa kaki, ai ba sai an faɗa maka badujala za ta samu 'yan kallo ba.

Ina ruwan soja da kiɗa har da yawon nishaɗantar da tsofaffi?

Wanda ya taso kusa da bariki a Kaduna ko Zariya ya san badujala, ya san yadda yara ke bin bayanta ranar fareti. Asalin abin ɗaya ne. Kafin zuwan rediyo, ganga da begila su ne bakin kwamanda: su ke tada soja daga barci, su ke ce masa ya ci gaba ko ya ja da baya. Babbar ganga da faifan ƙarfen nan da ake gwarawa kuwa, Turawa daga sojojin Daular Usmaniyya suka aro su. Har yau kamfanin Zildjian, wanda ya faro a Istanbul a 1623, yana ƙera irin wannan faifai a jihar Massachusetts.

A Amurka ƙungiyar da ta fi kowace tsufa ita ce ta Marin da ke Washington, wadda majalisa ta kafa a 1798, kuma aikinta na farko shi ne yi wa shugaban ƙasa kiɗa. John Philip Sousa ya jagorance ta daga 1880 zuwa 1892, kuma a zamaninsa ne ta fara zagaya ƙasa tana yi wa talakawa wasa. Babbar ƙungiyar sojan ƙasa ta zo a 1922, ta sojan ruwa a 1925, ta sojan sama a 1941. Bayan waɗannan manya akwai na yanki-yanki masu yawa, kuma su ne aka fi sa ran gani a gari irin Yuma. San Diego kaɗai na da ta sojan ruwa da na Marin. Masu gudun sanyi a kudancin Texas kuwa sun fi sanin ta sojan sama da ke sansanin Lackland a San Antonio.

Da gaske kyauta ne?

Ko sisi ba ka biya. Kuɗin haraji ne ke biyan albashin makaɗan, don haka ba a sayar wa jama'a abin da suka riga suka saya. Amma kyauta ba ta hana tikiti ba. Zauren na da iyakar kujeru, sai a raba tikiti ta intanet ko a ofishin wanda ya gayyato su, galibi a ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai karɓa. A garin da dubban mutane ba su da aikin fari bare na baƙi, tikitin banza ba ya kwana.

In ka rasa, kada ka cire rai. Al'adar da aka fi bi ita ce, minti 15 kafin farawa duk kujerar da mai ita bai zo ba ta zama ta wanda ke tsaye a layi. Da yake ba kuɗinsu suka sa ba, mutane da dama na karɓar tikiti huɗu su zo su biyu. A shekararmu ta farko ta wannan ƙofa muka shiga.

Abu ɗaya dai, kada mu yaudari kanmu: banza ba ta kai zomo kasuwa. Rundunar na yin wannan ne don jama'a su so ta, matasa su yi sha'awar shiga, masu zaɓe kuma su ji daɗin kasafin da ake ware mata. Su kansu ba sa ɓoyewa. A majalisa ma an sha yin ja-in-ja kan ko ya dace a ci gaba da kashe kuɗi a kan ƙaho da ganga, yawan ƙungiyoyin kuma ya sauka daga 150 a 2012 zuwa 136 a 2016. Sanin wannan bai rage mini daɗin kiɗan ba, amma na fi son mutum ya shiga idonsa a buɗe.

Ta ina zan ji ranar da za a yi?

Allon sanarwa na zauren zango ya fi intanet sauri, matar da ke kula da harkokin nishaɗi kuma ta fi allon sauri. Ka gaishe ta tun makon da ka sauka. Kowace ƙungiya na da shafinta da jadawalin wasanni, da kuma Facebook, jaridar gari ma takan buga. Ka fara sa ido tun farkon Nuwamba, domin yawancin wasannin a makonni biyu ko uku na farkon Disamba suke faɗawa, kafin sojoji su tafi hutu. Kuma ka sake dubawa ana gobe. Idan rikicin kasafin kuɗi ya sa gwamnatin tarayya ta rufe, kamar yadda aka yi a Oktoban 2013, wasannin jama'a na cikin abubuwan da ake fara sokewa.

A cikin bariki ake yi? Wace takarda zan riƙe?

Galibi a waje ne: zauren makarantar sakandare, ko na kwaleji, ko ɗakin taron gari. A nan ba mai tambayarka ko wane ne kai. Wataƙila a leƙa jaka a ƙofa, shi ke nan.

In kuwa a cikin bariki ne, lissafi ya canza. Za a nemi katin shaida mai hoto irin wanda tarayya ta amince da shi, a duba mota, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya buƙatar izini tun kafin ranar ko wanda zai tsaya masa. Ka kira ka tambaya, kada ka je ka tsaya gardama da yaro ɗan shekara 20 mai bindiga a ƙofa.

Ga wata shawara da ba ta shafi bariki ba amma ta shafe mu. Yuma a bakin iyakar Meziko take, kuma jami'an kan iyaka na da shingaye a kan manyan hanyoyin fita daga yankin, har da wadda ta nufi arewa zuwa Quartzsite da wadda ta nufi San Diego. Mai koren kati, wato katin izinin zama na dindindin, ya riƙe katinsa, mai biza ya riƙe fasfonsa. Tambaya ɗaya suke yi yawanci, ko kai ɗan ƙasa ne, kuma da zarar ka buɗe baki harshenka ya nuna daga nesa ka fito. Da takarda a aljihu, minti ɗaya ne ka wuce.

Ƙarfe nawa ya kamata in bar zango?

Da wuri, fiye da yadda hankalinka ke ba ka. Waɗannan mutane ne da ke cin abincin dare ƙarfe biyar na yamma. In an ce za a buɗe ƙofa ƙarfe shida, biyar da kwata layi ya kai bakin titi, wasu da kujerunsu na naɗewa, wasu da keken guragu, wata da saƙarta a hannu. In kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana.

Kuma ka kula da agogo, domin nan ne na sha kunya. Arizona ba ta juya agogonta da sauyin yanayi, saboda haka da hunturu tana gaban Kalifoniya da awa ɗaya, alhali kogin Kolorado ne kawai ya raba su. Ranar da za mu je karo na farko mun tsallaka da rana mun sayo dabino a ɗaya gefen, wayata ta kama agogon can, ta ƙi dawowa. Ina kishingiɗe ina ganin biyar saura, sai maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa da hularsa a kai, da makulli a hannu. Mai ɗakina ta dubi agogon murhu ta ce, "Malam, ai shida saura, wayarka ce ta yi ƙaura ta bar mu." Da takalmi ɗaya a hannu na shiga mota. Tun ran nan na kashe wa wayar ikon zaɓar wa kanta lokaci.

In tafi da motar gidan?

A'a. Sai ka cire wuta, ka cire ruwa, ka cire bututun ƙazanta, ka naɗe rumfa, sannan ka je ka rasa inda za ka ajiye ta. Ka ɗauki ƙaramar mota ko ka bi maƙwabta. A allon nan na zaure akan liƙa takardar masu wurin zama a mota, kuma tsofaffi da yawa ba sa son tuƙin dare, don haka in idonka da sauran ƙarfi, kai ne ɗan gata.

Wane kaya zan sa?

Abin da ka ga dama, muddin mai tsafta ne, ka kuma ɗora rigar sanyi. Hamada ce: da rana ta faɗi sai iska ta juya, kamar asubar Kano a tsakiyar hunturu. Za ka ga jajayen riguna masu hoton barewa, da huluna masu ƙararrawa. Ni kaftani da hula na sa a shekara ta biyu, ba abin da ya biyo baya sai tambayar inda aka ɗinka.

Me ake kaɗawa, kuma tsawon wane lokaci?

Awa ɗaya da rabi ne galibi, wani lokaci da ɗan hutu a tsakiya. Kada ka sa ran fareti. A zaune suke, sahu-sahu kamar rabin ƙwarya, cikin kayan sarki na alfarma, jagora na tsaye a gaba da ɗan siririn sanda. Kusan duka kayan busa ne da na bugu. Masu sarewa da kilarinet a gaba, tare da wani abin busa da ake ce wa obo, ɗan uwan algaita ne na jini, domin su biyun da tagwayen kara a baki ake busa su, sai dai shi an koya masa magana a hankali. A baya masu ƙahonin tagulla, daga begila har zuwa tuba da mutum ke rungumewa kamar tulu. Can ƙarshe masu ganguna, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya, suna ta zarya tsakanin tambura da ƙararrawa da kuge.

Ana farawa da shigo da tuta da taken ƙasa. Daga nan sai waƙoƙin lokacin: na Kirsimeti masu maganar addini, da waɗanda ba ruwansu da addini sai ƙanƙara da kewar gida, sau da yawa da guda ɗaya ta bikin Hanuka na Yahudawa. Akwai mawaƙi ko mawaƙiya, ita ma soja ce da igiyoyinta a hannu. Akan ware wani ɓangare na kiɗan jaz irin na shekarun 1940, kuma a nan za ka ga ƙafafun 'yan shekara 80 sun fara motsi ƙarƙashin kujera. Wannan gado ne na Glenn Miller, jagoran makaɗan jaz, wanda ya bar shahararsa ya shiga soja, jirginsa ya ɓace a kan mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ranar 15 ga Disamba 1944.

Akwai wani kiɗa na Leroy Anderson na 1948 game da keken doki a kan ƙanƙara wanda kusan ba a tsallake shi. Ka zuba wa na baya ido. Ɗaya na riƙe da katako biyu masu haɗe da ƙarfe, yana jiran daidai wurin da zai gwara su su ba da ƙarar bulala, fuskarsa a murtuke kamar mai gadin makamai. A ƙarshe kuma mai begila ya miƙe ya yi haniniyar doki da ƙahonsa. Kowa a zauren ya san tana zuwa, kowa kuma sai ya yi dariya.

Rufewa kusan kullum da kiɗan faretin Sousa ne, wanda ya rubuta ranar Kirsimetin 1896, majalisa kuma ta mai da shi na ƙasa a 1987. Masu 'yar ƙaramar sarewa su fito gaba, masu ƙaho su miƙe, jama'a na tafi a kan bugu.

Idan aka sa taken ƙasa, me baƙo zai yi?

Ka miƙe, ka fuskanci tuta, ka yi shiru. 'Yan ƙasa na dafa ƙirji da hannun dama, maza su cire hula. Tun 2008 doka ta yarda tsohon soja ya sara ko da ba ya cikin kaki, don haka za ka ga hannaye da dama a goshi. Wanda ba ɗan ƙasa ba, tsayuwar ta wadatar. Dokar ba ta da hukunci, ladabi ne kawai, kuma ba wanda zai ce wa mace ta taɓa mayafinta. Ni dai nakan cire hulata, domin tawa ta ado ce.

Wane wuri ne ya fi tsaya maka a rai?

Ana dab da tashi jagora kan juyo ya ce za su kaɗa taken kowace runduna ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi aiki a cikinta, ko iyalinsa, ya miƙe in ya ji nasa. Runduna shida ce yanzu, tun da aka kafa ta sararin samaniya a Disambar 2019. Da aka zo tata, ba wanda ya tashi a zaurenmu, sai aka yi 'yar dariya.

Sauran kuwa ba abin dariya ba ne. Har zuwa 1973 Amurka na ɗaukar samari soja dole, saboda haka a cikin maza masu shekara 75 zuwa sama, waɗanda suka sa kaki suna da yawan da ba za ka samu a 'yan baya ba. Su ne kuma suka cika zangunan nan. Da aka fara taken sojan ƙasa sai ka ji kujeru na ƙara ta ko'ina. Ba zumbur ake miƙewa ba. Wani sai ya dafa kafaɗar matarsa, wani ya jawo sanda, wani ya kama bayan kujerar gabansa da hannu biyu. Wani dattijo a sahun gabanmu bai gama miƙewa ba har takensa ya ƙare, aka shiga na gaba, shi kuwa ya ƙarasa tsayuwarsa abinsa, ba wanda ya ce masa ya zauna.

Maƙwabcin nan namu da ya cece mu daga agogo, wata shida muna gaisawa, muna aron tsani da sukundireba, bai taɓa ce mini ya je yaƙin Biyetnam ba. A taken sojan ruwa na ga ya tashi. Bai rera ba, bai yi murmushi ba, ya ƙura wa wani wuri ido sama da kawunan makaɗan. Da ya zauna, wani baƙo daga baya ya miƙo hannu ya ce masa, "Barka da dawowa gida." Daga baya matarsa ta gaya wa mai ɗakina cewa haka mazan jiyan wancan yaƙi ke gaisa da juna, domin lokacin da suka dawo ba su samu mai faɗa musu ba. A mota ba wanda ya ta da zancen. Hirar farashin gas ɗin girki muka yi har zango.

Ina da ra'ayina kan yaƙe-yaƙen da Amurka ta yi, kuma ba a zauren nan na bar shi ba. Amma waɗannan tsofaffi ba su suka yanke shawarar ba. Yara ne aka aiko wa takarda suna da shekara 19.

A Arizona kuma watan Disamba na da wani nauyi na daban ga makaɗan soja. Jirgin ruwan yaƙin da ke ɗauke da sunan jihar ya nutse a tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor da ke Hawai ranar 7 ga Disamba 1941 da mutum 1,177, kuma makaɗansa 21 duka suna ciki, ba wanda ya fita.

Ni Musulmi ne. Wannan ba ibadar Kirista ba ce?

Hukunci na malamai ne, ni abin da ke faruwa zan faɗa maka. Ba coci ba ne, ba limami, ba huɗuba, kuma a waɗanda na halarta ba a yi addu'a ba. Amma akwai waƙoƙin da ke maganar haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bisa aƙidar Kirista, kuma akan zo wurin da ake gayyatar kowa ya rera tare, da baitocin a bayan takardar shiri. Ba mai duba bakinka. Mu mukan yi shiru a nan. Wani lokaci wani ya fito da shigar Baban Kirsimeti, jan kaya da farin gemu, ya zagaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba gaba ɗaya, ko da wannan ɓangare, ya zauna a gida, ba maƙwabcin da zai ji haushi.

Salla ba ta da wuya. A Disamba rana na faɗuwa a Yuma wajen biyar da rabi da 'yan mintuna, wasan dare kuma bakwai ake farawa. Matsalar ita ce magariba na iya riskarka a layi. Ka fita da alwala da darduma a mota, ka ce wa na bayanka ya riƙe maka wuri, za su riƙe. Isha'i kuma ka yi ta a gida, tara da 'yan mintuna ka dawo.

Inda ya fi buƙatar kula shi ne cin abincin karo-karo da ake yi a zango a makon. Naman alade shi ne sarkin teburin Kirsimeti, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba: cikin wake, cikin ganye, a barbaɗe kan dankali. Ka tambaya. Ka kuma kawo naka da yawa. Dafa-dukar mai ɗakina ba ta taɓa dawowa da saura ba, ko da yake sai da ta rage barkono har ta ce wannan ai abincin majinyata ne.

Su makaɗan sojoji ne na gaske?

Na gaske ne, da lamba da muƙami da albashi. Sai mutum ya ci jarrabawar busa ko bugu kafin a ɗauke shi, kuma da yawansu na da digiri a kiɗa, wasu har na biyu. Mafi yawa sai sun yi horon farko kamar kowane kurtu. Fitacciyar togaciya ita ce ƙungiyar Marin ta shugaban ƙasa, wadda mambobinta ba sa zuwa wannan horo. Makarantar kiɗa ta sojan ruwa da Marin tana Virginia Beach.

Wasan Disamba kuwa ɗan ƙaramin yanki ne na aikinsu. Sauran shekara suna wajen bikin miƙa ragamar runduna, da yaye sababbin sojoji, da makarantu, da jana'iza. Mai haniniyar dokin nan, wataƙila a makon ya tsaya a maƙabarta ya busa wa wani tsohon soja sallamar ƙarshe.

Ana yin liƙi?

Kada ka soma. Ma'aikatan gwamnati ne a bakin aiki, ba sa karɓa. Tafi ne ladansu, da miƙewa tsaye a ƙarshe. Bayan an tashi sukan fito harabar zaure su gaisa da mutane, kuma hoto da su ba laifi. A cikin zaure ka kashe walƙiyar kyamara.

In hannunka na ƙaiƙayi, ga inda za ka kai shi: a lokacin nan sojojin Marin na ko-ta-kwana na tara sababbin kayan wasa don yaran marasa hali, aikin da suka faro a Los Angeles tun 1947. Akan ajiye kwali a ƙofar zaure ko a kantuna. Sabo ake so, kuma ba a naɗe ba.

In na iso bayan Kirsimeti fa, na yi asara ke nan?

Ba ka yi ba. Janairu zuwa Maris ne zango ya fi cika, kuma ƙungiyoyin soja na yawo a watannin ma. Waƙoƙin ƙanƙara ne kawai za su fita, taken rundunoni da miƙewar tsofaffi suna nan. Garuruwan masu gudun sanyi kuma na da ƙungiyoyin sa-kai na 'yan ritaya, cikinsu har da tsofaffin makaɗan soja da har yanzu huhunsu bai gaji ba.

In ka samu rana guda a Janairu, ka hau hanya mai lamba 95 zuwa Quartzsite, kimanin kilomita 130 arewa. Ƙauye ne da mazaunansa ba su kai 2,500 ba, amma a watan nan motocin gida ke rufe hamadar da ke kewaye da shi har iya ganinka. A maƙabartar garin akwai wata 'yar dala ta duwatsu da raƙumin ƙarfe a samanta. Kabarin Haji Ali ne, wanda sojojin Amurka suka kawo daga Daular Usmaniyya a 1856 don ya kula da raƙuman da suke gwada aikin sufuri da su. Harshensu ya kasa sunan, suka mai da shi Hi Jolly. Gwajin raƙuma ya watse, shi ya zauna, ya rasu a nan a 1902, aka gina masa dalar a 1935. A hanyar dawowa ka tsaya ka sayi dabinon majhul a gonakin bakin kogi, wanda asalinsa dashen dabino 11 ne da aka kawo daga Maroko a 1927. Ka saya da yawa, domin na kanti a arewa ya fi tsada, kuma in gonar a gefen Kalifoniya take, ka duba agogonka kafin ka tsallako.